Bututun Mushe Gazali

Ranar da Talle ta fara ganinsa, ta ɗauka taɓin hankali gare shi. Da hantsi ne, tana dawowa daga rijiya da bokiti a kai, sai ta hangi wani dogon saurayi a bayan kolej ɗin Gidan Amumune, ya duƙa a gindin wani farin bututu mai ƙafa uku. Bakin bututun yana kallon rana, shi kuma ya manna idonsa a ɗaya ƙarshen.

Talle ba ta iya ganin abu ta wuce shiru ba, halinta ne tun tana ƙarama.

"Bawan Allah," ta ce, "in ka gaji da idonka ka ba Babana. Shi guda ya rage mishi mai kyau."

Saurayin ya ɗago a firgice. Ya dube ta, ya dubi ruwan da ke ɗiga daga bokitin zuwa kafaɗarta.

"Ba ya ƙone ni," ya ce daga baya. "Kin ga murfin nan mai walƙiya a bakinsa? Shi ke tare zafin. In babu shi, kafin mutum ya ƙifta ido ya tafi. Zo ki gani."

Ta yi kamar za ta wuce, amma son gani ya fi ƙarfinta. Ta sauke bokitin, ta duƙa, ta sa ido. Ga rana nan a zagaye, fara sol, shafal kamar sabon faifai, babu zafi babu ƙyalli.

"To ai babu komi ciki."

"Shi nake zuwa tabbatarwa kowace safiya."

"Kullum ka zo ka ga babu komi?" Ta ɗauki bokitinta tana dariya. "Allah shi ba ka lahiya, Mushe."

Sunansa Gazali, ɗan Tasawa ne, an turo shi koyar da kimiyya a kolej, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar kowane malamin boko. Yana kuma rubuta binciken da zai kai jami'a a Yamai. Ita Talle ta taɓa zama a ajin makarantar nan kafin ta bari, yanzu tana sayar da kwaɗon zogale a bakin ƙofarta. Tun daga ran nan Mushe Gazali ya zama mai son zogale, har sauran malamai suka fara tambayarsa ko likita ne ya rubuta masa.

A nan bakin ƙofar ya nuna mata ainihin aikinsa. Ya ciro wata takarda mai ruwan toka, cike da ɗigo-ɗigo fari da baƙi, kamar an watsa riɗi a kan toka. Ya ce hoton rana ne da tauraron ɗan Adam ya ɗauka, shi kuma yakan je siber, shagon intanet, a Maraɗi ya bugo su. Ya ce wasu shekaru rana takan fitar da manyan baƙaƙen tabo, amma shekarun nan ta lafa, kusan babu tabo, shi ya sa bututunsa ba ya nuna komai. Sai dai ko a lafawar nan, fuskarta cike take da 'yan ƙananan maganaɗisu da ido ba ya gani. Su ne ɗigon. Suna ɓullowa, su yi yawo, su ɓace kafin wani yinin, wasu su fito.

"Ƙanana ne da gaske?"

"A wajen rana ƙanana ne. Amma guda ɗaya zai iya rufe daga nan har Yamai."

"Fari da baƙin hwa?"

"Kishiyar juna ne. In fari ya haɗu da baƙi, sai su haɗiye juna su ɓace." Ya yi murmushi, ya rage murya. "Ni ne baƙin, ke ce farin."

"A'uzubillahi! Mu haɗu mu ɓace? Kai da ka iya boko, wanga misali ka samo mini?"

Ya yi ta ba ta haƙuri, ita kuma ta yi ta dariya har da hawaye. Daga nan ta raɗa masa suna Mai Rana. Da yamma salularta ta yi ƙara.

"Bonsoir Tallena. Na janye misalin. Mu biyu kala ɗaya ne, irin waɗanda in sun haɗu suke ƙara ƙarfi. Kin yarda?"

Ta amsa: "Sai na yi shawara da zogalena. Ka ci abinci, Mai Rana, ka yi rama da yawa."

Soyayya ce mai daɗi, amma ta faɗo a mummunar shekara. Daminar da ta wuce ba ta yi ba, geron da aka girbe bai kai ko tsakiyar rani ba. Ana cikin haka rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Mutanen Gidan Amumune suka saurara, suka gyaɗa kai, suka koma duban rumbunansu da babu komai. Samari suka yi ta ficewa kudu. Makiyaya daga wajen Issawane suna kawo shanun da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, wata saniyar a kasuwa take durƙushewa ba ta ƙara tashi ba. Mata suka koma daji tsinkar anza, ɗan itacen nan mai ɗaci da sai an yi ta jiƙa shi ana zubar da ruwan kafin ya ciyu. Zogale ya ƙare, Talle ta naɗe tallarta. Makarantar ma ta rage rabi, don yaro da yunwa ba ya zaman aji.

Mahaifin Talle, Na Allah, shi ne mai unguwarsu. Dattijo ne mai taurin kai da gaskiya, wanda ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Yanar ido ta rufe masa idon hagu tun da daɗewa, da na dama yake rayuwa. Uwar Talle ta rasu tana jaririya, shi da ƙanwarsa Hamsatu suka rene ta. Ainihin sunanta Halimatu, sunan mahaifiyarsa, saboda haka ba ya kiranta da komai sai Uwata.

Akwai kuma Illo, dillalin hatsi mai sabon moto mai ƙafa biyu, wanda ya daɗe yana kewaya gidan. Talle ba ta taɓa ba shi fuska ba, Na Allah kuma ya ce shi ba ya zaɓar wa Uwarsa miji. Illo ya haɗiye wannan, amma bai narke masa ba.

Da bazara ta kai wuya, Gazali ya sa riga mai kyau ya je gaida Na Allah. Talle ta laɓe a bayan zana tana ji. An yi ruwan farko ɗan kaɗan, mutane sun yi shuka, rana ta ƙone ta. Irin da ya rage wa Na Allah na shuka ɗaya ne tak.

"An ce kullum kana kallon rana," in ji dattijon bayan gaisuwa.

"Haka ne, Baba."

"To madalla. Hwaɗa mini, yaushe ruwa za shi sauka? In binne irina ko in jira?"

Talle ta runtse ido. A ranta tana roƙonsa ya faɗi wani abu, ko mene ne, ya ce mako mai zuwa, ya ce wata ya kusa. Wa zai kama shi? Kowa haka yake yi.

"Ban sani ba, Baba," in ji Gazali. "Abin da nake dubawa ba ya faɗin ruwa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. In na ce na sani, na yi maka ƙarya."

Na Allah ya murza carbinsa.

"Mutane na mutuwa, kai kana ƙirgan ɗigo cikin rana, kuma ba shi hwaɗa maka ko ranar shuka. To ɗiyata mi za ta ci gidanka, ɗigon?" Ya miƙe. "Ka gaida mutanen Tasawa."

Da Gazali ya fita, Talle ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ta ce masa ba mugun abu ba ne, ilimi ne, ita da kanta ta sa ido a bututun ta ga rana, ga idonta nan lafiya lau. Na Allah ya dube ta da idonsa guda, ya riƙe maganar a ransa.

Ruwa ya ƙi. Liman ya sa ranar roƙon ruwa. Gari duka ya fita fili da safe, maza sun juya rigunansu ciki waje, tsofaffi suna dogara sanda, mata riƙe da jariran da ba su da ƙarfin kuka. Kwana biyu kafin nan aka binne ɗan maƙwabciyar su Talle, wanda ita ta yi masa wankan suna. Ana cikin addu'a sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta kaɗa. Wasu suka fashe da kuka, wasu suka ɗaga murya da kabbara.

Gazali ma ya je sallar. Amma da aka shafa, sai ya tuna bai duba ranar safiyar nan ba, kuma tun da ya zo garin bai taɓa tsallake rana ɗaya ba. Ya koma bayan kolej ya kafa bututunsa, ya tsaya jiran gibi a cikin gajimare. Mai ilimi wani lokaci yakan zama wawa na gaske, kuma ran nan Gazali ya zama. Hanyar komawa gari ta nan take bi. Jama'a suna tafe, idonsu a sama, suka ga iska ta juya, hadarin ya soma yayyagewa. Rana ta leƙo. A gaban kowa, Mushe Gazali ya tafa hannu ya ce da murna, "Yawwa, ta fito!" Ya duƙa ya sa ido.

Babu ɗigon da ya sauka ran nan.

Talle tana cikin waɗanda suka gani. Ba ta yarda shi ya kori hadarin ba, ta fi ƙarfin wannan. Murnar ce ta soke ta. Kafin azahar saƙonsa ya shigo.

"Tallena, na yi wauta. Wallahi ban yi tunani ba. Pardon."

Ta rubuta: "Shekaranjiya munka binne yaro. Yau ka tafa wa rana. Kada ka ƙara kirana."

Ta kai salular wurin mai sharji a kasuwa, inda kowa ke kai tasa don garin babu wuta. Da yamma ta yi ba ta je karɓa ba. Washegari ma ta ƙi zuwa, don ta san saƙonninsa ne za ta tarar, kuma ta san in ta karanta za ta huce.

Illo kuwa bai zauna ba. A bakin shagonsa, inda mayunwata ke taruwa ko za a samu rangwame, ya yi ta nanatawa: tun da baƙon nan ya kafa ƙarfensa garin bai ga damina ba, da ma ya faɗa da bakinsa akwai maganaɗisu a rana, to da bututun yake jawo ta. Mutumin da ya ƙoshi zai yi dariyar wannan magana. Waɗanda suka saurare ta ba su ƙoshi ba.

Da hantsin kwana na biyu suka auka wa Gazali a bayan kolej. Wani ya fasa masa kai da sanda, suka saɓi bututun da ƙafafunsa suka nufi gidan mai unguwa. Malamai suka ja shi zuwa ɗakin shan magani. Ana ɗaure masa kai sai wani malami ya miƙo masa abin da ya tsinta a cikin rairayi. Murfin ne mai walƙiya.

Talle tana cikin gida tana sauya ruwan anza, ta ji hayaniya a ƙofa, ta ji ana ambaton bututu. Gwaggo Hamsatu ta ce ta leƙa.

"Can su ƙarata," in ji Talle, ta ci gaba da aikinta.

A waje samari suna cewa a farfasa shi, a kori mai shi. Na Allah ya ɗaga hannu.

"Ba a hwasa kayan mutum gabana ban san laihinsa ba. Uwata ta ce ta duba ciki, ba abin da ya same ta. Ku kahwa mini shi in gani da idona."

Suka kafa. Ya yi ta juya shi yana neman rana, har wani farin haske ya tsargo ta gindin. Ya cire hularsa, ya duƙa, ya sa idon dama.

Ƙarar da ya yi ita ta fito da Talle a guje. Ta tarar da shi a zaune a ƙasa, tafinsa a kan fuska, samarin sun ja baya. A daidai lokacin Gazali ya ratso taron, jini ya jiƙe ƙyallen kansa, murfin a hannunsa, yana haki. Ya dubi bututun, ya dubi dattijon, sai ya durƙusa a gefensa.

"Uwata," in ji Na Allah, "zo gabana." Ta zo. "Kina ina? Na ce ki zo gabana."

"Ga ni, Baba. Ga ni gabanka."

Babu wanda ya hana Gazali lokacin da ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya ɗora dattijon a tsakiya ya riƙe shi ta baya. Suka nufi Mayahi, daga can su nemi motar Maraɗi.

Da la'asar Talle ta je ta karɓi salularta. A nan bakin rumfar mai sharji ta kunna. Kiran da bai shiga ba ya fi a ƙirga. Saƙo na ƙarshe na safiyar nan ne.

"Talle, ko kina fushi ki karanta. Sun kai bututun gidanku, murfin ya faɗi, yana wurina. Kada kowa ya sa ido. Ki gaya wa Baba yanzu, don girman Allah."

Ta karanta, ta sake karantawa. Tsakaninta da ƙofar gida a lokacin bai wuce tsawon tabarma uku ba. Ta zauna a ƙasa a tsakiyar kasuwa, ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Kamar da gangan, washegari sama ta buɗe. Ruwa ya sauka a Gidan Amumune kamar da bakin ƙwarya, ya sake sauka, ya sake. Gari ya fita shuka, kuma kowa yana faɗin abu ɗaya: kun gani ko, daga fitar baƙo sai ruwa. Illo ya riƙa yawo kamar shi ya saukar da shi. Aka ce in Mushe ya kuskura ya dawo, sai dai a fitar da shi a kwance. Talle da Gwaggo Hamsatu suka shuka irin da ya rage su biyu, babu wanda ya taya su.

Daga Maraɗi saƙo ya zo: "Likita ya ce tsakiyar ganin Baba ta ƙone, ba ta dawowa. Gefe-gefe zai riƙa gani kaɗan. Ba ya yi mini magana. Ina ba shi abinci yana karɓa. Ban san da bakin da zan roƙe ki gafara ba."

Ta amsa: "Ni na ce mishi na duba. Ni na bar salula kasuwa. Ba kai kaɗai ba ne. Amma maganarmu ta mutu, Gazali. Ba ni barin Baba, kuma garinga ba su barinka."

Ranar Juma'a suka dawo, ana gab da salla. Na Allah ya ce kada a kai shi gida, a kai shi masallaci. Gazali ne ya riƙe masa hannu har sahun gaba, mutane suna darewa suna gunaguni. Talle ta tsaya a bayan katanga tare da tsofaffin mata. Da aka sallame, mahaifinta ya miƙe ya juyo.

"An ce wanga yaro ke korar hadari," ya ce. "To ni da shi munka tahi. Ruwa ya tarar da mu bakin asibitin Maraɗi, ya yi mana dukan tsiya. Rigarsa ya cire ya ruhe mini kai. In hadari na tsoronsa, mi ya kai shi Maraɗi?"

Wani ya ce bututun ne, ba shi ba.

"Bututun yana zaurena tun ran nan, cikin garinga, kuma kun yi shuka." Ya numfasa. "Gilashi ne mai tara zahi. Akwai murhin da ke tare shi, ku kunka yar da shi ga ƙasa sa'ad da kunka hwasa kan mai shi. Ni kuma ba wanda ya tura ni, da ƙahwata na tahi na sa ido. In kuna neman wanda ya makanta Na Allah, ku ƙirga da ni da ku."

Illo ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

Na Allah ya ci gaba: "Wauta kam yaronga ya yi ta, ranar roƙon ruwa, na kuma hwaɗa mishi abin da ban iya maimaitawa cikin masallaci. Amma na taɓa tambayarsa yaushe za a yi ruwa. Da ya yi mini ƙarya, da ya tashi da mata ran nan. Yac ce bai sani ba. Kwanakin da na yi kwance cikin duhu, wagga magana na yi ta juyawa. Makaho ba shi da abin da ya fi buƙata irin wanda za shi hwaɗa mishi gaskiyar abin da ke gabansa." Ya lalubo kafaɗar Gazali. "Ka ce wa manyanka su zo. Na ba ka Uwata."

Ba kowa ya ji daɗi ba. Har yau akwai masu tsallake hanya in sun hango Gazali. Ita kanta Talle, da ya zo gidan da yamma, ta tare shi a zaure da idanu jajir.

"Na hwaɗa maka ba ni barinsa. In ka kai ni Tasawa ko Yamai, wa za shi ja mishi sanda?"

"Wa ya ce miki za mu tafi? Na kama ɗaki a bayan gidan nan."

"Garin da anka hwasa maka kai?"

"Kan ya warke."

"Karatunka hwa?"

"Takardun suna nan, zan ƙirga ɗigona a ɗaki. Bututun dai na gama da shi, ko an ba ni wani ba na so." Ya matso kusa da ita. "Tallena, ba zan iya mayar masa da ido ba. Ki bar ni in zama kusa, shi kaɗai nake iyawa."

Ta daɗe tana kallonsa. Fushin da ta riƙe, da laifin da take ɗora wa kanta, duk suka kwance lokaci ɗaya, ta ji tana sonsa fiye da ranar da yake ba ta dariya.

"Ka rame, Mai Rana," ta ce tana share hawaye. "Shigo, akwai sauran anza."

Sauran daminar a gonar Na Allah Gazali ya yi ta. Bai iya noma ba, hannunsa ya yi ta fashewa, kunyarsa a karkace, Gwaggo Hamsatu tana binsa tana gyarawa tana tsiya. Dattijon yakan zauna a gindin gawo ya ce a faɗa masa yadda geron yake, Gazali kuma ya faɗa masa yadda yake, inda ya yi kyau da inda tsutsa ta ci.

Da sabon gero ya shigo aka ɗaura aure. Baffan Gazali, Mamudu, ya zo daga Tasawa da goro da dabino kaɗan. Babu makaɗa, babu yanka, don kusan kowane gida a unguwar akwai wanda yunwar ta ɗauka. Fura aka dama ta sabon gero, kowa ya sha ya yi addu'a.

Da yamma aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ko da yake bayan gida kawai za ta, ta durƙusa a gabansa tana kuka kamar mai barin ƙasa. Na Allah ya ce ta buɗe lulluɓin. Ta buɗe. Sai ya kawar da kansa gefe, ya fuskanci bango.

Matan da suka rako ta suka dubi juna. Wata ta raɗa cewa ashe har yanzu bai huce ba.

Talle kuwa ta sani. In ya dube ta kai tsaye, baƙin wuri kawai yake gani a inda fuskarta take. Sai ya juya kai haka yake samun ta a gefen ido. Ta tsaya cik, ba ta motsa ba, ta bar shi ya nemo ta a hankali.

"Yawwa," ya ce. "Ga ki nan. An yi miki kwalli." Hawaye ya gangaro daga idon da ya ƙone. "Kin yi kyau, Uwata. Allah shi yi muku albarka, ke da shi. Allah shi ba ku zuri'a mai jin ƙai, shi raba ku da yunwa. Tashi ki tahi ɗakinki, na gan ki."